Awo Kafin Ciniki: Jawabi a Kan Faifan Birkin Tsohuwar Mota

 

Da kwamitin jin daɗin malamai ya ɗora mana nauyin yin magana a kan motocin da muke hawa, wasu sun zaci batun tsadar mai za mu yi. To, tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, da kuma faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, babu malamin da yake buƙatar a koya masa wannan darasi, aljihunsa ya riga ya koya masa. Abin da muka zaɓa ya fi wannan ƙanƙanta a ido. Shi ne faifan ƙarfen nan da ke ɓoye a bayan taya, wanda makanikai ke kira dis, mu kuma za mu kira shi faifan birki. Da yawa daga cikinmu sun shekara goma suna tuƙi ba su taɓa duba shi ba, alhali shi ne yake tsayar da su kullum.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata 'yar uwarmu ta taso daga makaranta a Barnawa ta nufi gida a Sabon Tasha, ɗauke da 'ya'yanta uku da na maƙwabta biyu. A kan titin Kachia wata babbar mota ta tsaya a gabanta ba zato. Ta taka birki iya ƙarfinta, sai sitiyari ya kama rawa a hannunta, motar ta ja gefe guda, da ƙyar ta tsaya, tsakaninta da ƙarfen babbar motar bai kai kamu ɗaya ba. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Da aka kwance tayoyin gaba a gareji, sai aka ga faifan hagu wanda ta saya watanni biyu kacal kafin nan, ɗan tokumbo ne da aka kankare masa fuska ya yi ƙyalli kamar sabo, amma kaurinsa ya gaza iyakar da masana'anta ta gindaya. Na dama kuma ba a canja shi ba ko kaɗan. Ba ganganci ta yi ba. Ta je kasuwa da abin da ya rage mata na albashi, ta sayi wanda kuɗinta ya kai, ba ta kuwa san akwai abin da ake aunawa ba. Da yardarta muka kawo labarin, domin abin da ya same ta yana iya samun kowannenmu.

Iyayenmu da ke zaune a nan gaba za su tuna wani zamani dabam. A nan Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, ma'aikacin da ya sami rancen mota yakan fito da sabuwar 504, idan wani abu ya lalace ya tafi wurin dillalin kamfani ya sayi na ainihi. A yau yawancinmu motocin da suka gama aiki a Turai ko Amurka muke hawa, waɗanda suka shigo ta Ikko ko Kwatano, shekarunsu goma sha biyar ko ashirin: Golf, Corolla, Camry, Honda Accord, da Peugeot 406. Kayan gyaransu kuma daga hannu dabam-dabam suke fitowa, da mai kyau da marar kyau a kanta ɗaya. Saboda haka aikin tantancewa ya dawo kan mai mota. Saƙonmu na yau guda ɗaya ne: wanda kuɗinsa kaɗan ne ya fi kowa buƙatar ya auna kafin ya saya, domin awo ne yake nuna inda za a yi tsimi lafiya da inda tsimi yake zama kasada da rai.

Bari mu fara da aikin da faifan yake yi, malaman kimiyya su yi mana uzuri idan muka shiga gonarsu. Faifan yana juyawa tare da taya. Idan direba ya taka birki, man birki yana tura wani muƙamuƙin ƙarfe da makanikai ke kira kalifa, shi kuma ya matse faifan da takalman birki guda biyu, waɗanda aka fi sani da fad, ɗaya ciki ɗaya waje. Gogayyar da ke tsakaninsu tana mayar da ƙarfin gudun mota ya zama zafi. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,300 da ke gudun kilomita 100 a awa. Zafin da tsayar da ita yake haifarwa ya isa ya tafasa ruwa kusan lita ɗaya da rabi, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuwa yake aukuwa, kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi yawa. Daɗa, idan gudu ya ninka sau biyu, wannan zafi sau huɗu yake ninkawa, haka ma nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Ku kwatanta wannan da tsawon ajin da kuke koyarwa a ciki.

Wannan dabara tana da tarihi. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar fasahar birkin faifai a 1902, amma ba ta sami karɓuwa sosai ba sai da motar Jaguar mai irin wannan birki ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953, sa'an nan kamfanin Citroën ya sa shi a motar kasuwa a 1955. Abin da ya ba shi fifiko a kan birkin ganga shi ne yana saurin fitar da zafi. Shi ya sa faifan gaba na yawancin motocinmu yake da fuska biyu da ramukan iska a tsakani. Da narkakken ƙarfe ake zuba shi, kuma yawan ƙarfen ne yake shanye zafin. Idan faifai ya siranta, ƙarfen da zai sha zafin ya ragu, sai ya yi saurin ɗaukar wuta, birki ya yi sanyi a ƙafa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, wani lokaci ma faifan ya tsage.

Daga nan sai batun awo. Kowane faifai na kirki yana da lamba da aka buga a jikinsa, ko a bakinsa ko a tudun tsakiyarsa, galibi bayan haruffan MIN TH. Wannan lamba ita ce mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi aiki da shi, a ma'aunin milimita. Idan tsatsa ta rufe ta, a goge da burushin waya za ta fito. Misali, faifan gaba na Corolla 'yar Amurka ƙirar 2003 zuwa 2008 yana zuwa da kaurin milimita 25 yana sabo, iyakarsa kuma milimita 23. Milimita biyu kacal ke tsakanin sabo da wanda ya gama aiki, kuma haka tazarar take a motoci da yawa. Ido ba ya iya raba milimita 24 da 22 a jikin ƙarfe mai tsatsa, yatsa ma ba ya iyawa. Sai da ma'aunin kauri, irin wanda malaman fasaha da na kimiyya suke koyar da ɗalibai amfani da shi. A lura da abu ɗaya: tsohon faifai yakan yi leɓe a bakinsa, inda fad ba ya taɓawa, wanda ya auna a kan leɓen zai sami lambar ƙarya. A auna a tsakiyar inda fad yake gogawa, a wurare shida ko takwas kewaye da faifan. Idan ma'aunin ba ya iya tsallake leɓen, a sa washa biyu, ɗaya a kowace fuska, a auna gaba ɗaya, sa'an nan a ɗebe kaurinsu.

Awo yakan cece mu daga sayen abin da ba mu buƙata. Ba kowace ƙara ce take nufin faifai ya mutu ba. Ƙarar tsiwa mai kama da fito sau da yawa alama ce ta fad ya kusa ƙarewa, domin akan sa masa ɗan ƙarfe da zai yi kuka idan ya siranta. Fad da ya rage kamar milimita 3 ya isa canji. Idan sitiyari yana rawa ko ba a taka birki ba, a fara duba tayoyi da boris da ƙafar mota. Idan kuwa rawar sai an taka birki take zuwa, ana jin ta a sitiyari ko a tafin ƙafa, to, a nan ne ake zargin faifai. Idan an auna an ga kauri yana sama da iyaka, fuska sumul, babu tsaga, babu zurfin karce, babu rawa, to, a bar faifan a inda yake, a canja fad kawai. Wannan shi ne tsimi na farko, kuma halastacce ne.

Idan fuskar ta yi karce ko ta rasa daidaito, amma da sauran kauri, akwai hanya ta biyu, wato a kai faifan wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su kankare shi. Masu wannan sana'a suna nan a Panteka da wasu garejojin garin nan, aikinsu kuma yana da amfani. Sharaɗin guda ne: a auna bayan an kankare, ba kafin ba kawai, domin kankarewa cin ƙarfe ce. Idan abin da ya rage ya sauka kan iyaka ko ya gaza ta, an biya kuɗin aiki ne a kan abin da ya kamata a jefar. Faifan da ya tsage kuwa, ko wanda ya yi tabo shuɗi-shuɗi saboda ƙuna mai tsanani, ba a yi masa magani, walda ma ba ta gyara shi.

Hanya ta uku ita ce ɗan tokumbo, wanda wasu ke kira ɗan Beljiyam. Mun san dalilin da ya sa mutanenmu suke ƙaunarsa: sau da yawa na ainihi ne da aka ciro daga jikin mota, ƙarfensa ya fi na wasu sababbin da ke cikin kwali. A kan inji ko ƙofa ko fitila, wannan hujja tana da ƙarfi. Amma faifan birki abu ne da aka yi shi domin ya ci, kamar alli a hannun malami, kuma wanda aka ciro daga tsohuwar mota ya riga ya ci wani ɓangare na milimita biyun nan. Saboda haka wanda zai sayi ɗan tokumbo ya je da ma'auni. Ya nemi lambar iyaka a jikinsa, ya auna a gaban mai kaya, ya sayi biyu masu kauri ɗaya. Idan ragowar ba ta kai rabin tazarar ba, kuɗin ba su yi amfani ba. Ya yi hattara ƙwarai da faifan da fuskarsa take ƙyalli alhali ramukan iskarsa sun cika da tsohuwar tsatsa, domin wannan alama ce ta an kankare shi don a rufe ido. Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin mai awo. Wanda ya ɓata rai don an fito da ma'auni, ya riga ya ba da amsa.

Hanya ta huɗu ita ce sabo. A nan ma akwai hawa-hawa. Akwai na kamfanin da ya ƙera motar, wanda ya fi tsada. Akwai na sanannun kamfanonin da ke ƙera kayan birki, irin su Bosch da ATE da TRW da Brembo da Akebono, waɗanda da yawansu su ne suke yi wa kamfanonin motoci kaya tun farko. Akwai kuma marasa suna, da jabun da ke sanye da sunan wasu. Ga tsohuwar motar da ke kai malami makaranta da kasuwa da wurin ibada, faifai sumul na tsaka-tsaki daga kamfanin da aka sani ya wadatar. Waɗannan masu huda-huda da zane-zane da ake tallatawa da sunan na tsere ba su da wani amfani a cunkoson Sabon Tasha ko na Television. Sun fi tsada, wasunsu sun fi cin fad, ƙura da laka suna cika ramukansu, masu arha daga cikinsu kuma sukan tsage daga bakin huda. Barin su shi ne tsimi na biyu.

Yaya za a gane mai kyau? Babu alama ɗaya tilo da ta isa, sai an haɗa da yawa. A duba ko an buga lambar iyaka da lambar kaya a jikin ƙarfen kansa, ba a kwali kaɗai ba. Kayan da aka yi domin kasuwar Turai sukan ɗauki harafin E da lamba 90R, alamar sun cika ƙa'idar kayan birki na canji, sai dai mai yin jabu ma ya iya buga haruffa, don haka kada a tsaya nan. A ajiye sabon kusa da tsohon da aka ciro. A dubi kaurin fuskokin biyu, domin wata dabarar masu rage ƙarfe ita ce su faɗaɗa ramin iska su siranta fuskoki, kaurin waje ya yi daidai amma cikin ya zama fanko. A ɗora su a sikeli ko a ɗaga su a hannu: sabon da ya fi tsohon da ya ci sauƙin nauyi abin tuhuma ne. A duba ko akwai ƙuraje ko ramuka a jikin ƙarfen. A karɓi rasit mai sunan shago da lambar kaya, a kuma yi magana tun kafin biya cewa idan bai dace ba za a mayar. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, tana da alhakin yaƙi da kayan jabu, amma ba za ta raka kowannenmu kasuwa ba. Araha ba ta ado, in ji magabata, a wannan fanni kuwa har rai takan ci.

Sai batun dacewa. Sunan mota kaɗai ba ya isa a sayi faifai. Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 da ta fito daga Amurka noti biyar take da shi a taya, 'yar uwarta ta Turai kuma huɗu. Golf 3 ta yau da kullum huɗu ne, mai babban inji irin VR6 kuma biyar. Ko adadin ramuka ya zo daidai, faɗin faifan da tsayin tudunsa da girman ramin tsakiyarsa suna iya bambanta. Hanya mafi aminci ita ce a tafi da tsohon faifan a hannu, tare da lambar shasi, wato haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ko jikin ƙofar direba da kuma takardun mota. Harafinta na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan ne, W na Jamus, 1 kuma na Amurka. Kada a yarda a faɗaɗa rami ko a sassaƙe gefen faifai don a tilasta shi ya shiga. Abin da bai shiga da daɗi ba, ba na wurin ba ne.

Yanzu ga wuraren da ba a tsimi, komai ƙuncin wata. Na farko, faifai biyu-biyu ake canjawa, hagu da dama tare. Idan ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, kamun ba zai zo daidai ba, mota za ta ja gefe, kamar yadda ta faru da 'yar uwarmu. Na biyu, sabon faifai da sabon fad yake tafiya, domin tsohon fad ya riga ya ɗauki siffar tsohon faifai, zai kuma zana ta a kan sabon. Na uku, man birki. A murfin kwalbarsa an rubuta irin wanda ya dace, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Wannan mai yana shan danshi daga iska. Ƙa'idar sabon DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa wajen 140, kuma idan ya tafasa a cikin bututu, ƙafa za ta nutse har ƙasa ba tare da mota ta tsaya ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canja shi duk shekara biyu. Dukanmu mun ji labarin masu zuba ruwan omo a maimakon man birki idan ya ƙare a hanya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cinye robobi da sa ƙarfe tsatsa. Muna roƙon kada motar wani malami ta ɗanɗana shi.

Ko an sayi faifai mafi kyau, mummunan ɗauri yana iya lalata shi, don haka mu tsaya a wurin aiki, cikin ladabi da girmama mai sana'a. Makanike abokin tafiyarmu ne, wasu daga cikinsu ma ɗalibanmu ne na jiya, tambaya kuma ba raini ba ce. A tabbata an goge tsatsar da ke kan cibiyar taya kafin a ɗora faifan, domin datti mai kaurin gashin kai ya isa ya sa shi karkata, bayan 'yan watanni rawa ta dawo a ɗora laifi a kan kaya. A wanke man kariyar da ke fuskar sabon faifai. A duba sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, a shafa musu man da ya dace, domin idan sun daskare fad ɗaya ne zai riƙa ci. Kada a bar kalifa yana lilo a jikin tiyonsa. Kada a hure ƙurar birki da baki ko da iska, gama wasu fad suna ɗauke da sinadarin asbestos mai illa ga huhu. A ɗaure notocin taya a tsallake-tsallake, kamar mai zana tauraro, da ƙarfi daidai, ba da hawa kan sifana da ƙafa ba. Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Sa'an nan a kilomita 200 zuwa 300 na farko a riƙa taka shi a hankali, har fad da faifai su saba da juna.

Tsimi na uku yana ƙafar direba. Wanda yake barin tazara tsakaninsa da na gaba, yana sakin totur tun daga nesa, zai daɗe bai ga makanike ba. Waɗanda ke tafiya gida lokacin Kirsimeti ko Sallah ta hanyar Kujama da Kajuru da Kachia har zuwa Zonkwa da Kafanchan, mota cike da iyali da buhunan hatsi, su tuna cewa kowane buhu ƙarin zafi ne a kan faifai. A gangara mai tsawo a sauka da ƙaramar giya, inji ya taimaka, kada a ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Da damina kuma, idan an ratsa ruwa, a ɗan taɓa birki kaɗan-kaɗan don ya bushe, kuma kada a watsa wa faifai mai zafi ruwan sanyi a wurin wankin mota.

Mun san tambayar da ke zukatan wasu: idan an auna an ga faifai ya mutu, kuɗin biyu kuma babu, yaya za a yi? Amsarmu ba mai daɗi ba ce, amma ita ce gaskiya. A ajiye motar. A hau Keke ko bas na mako biyu ko uku har albashi ya shigo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fenti da rediyo da na'urar sanyaya mota duk suna iya jira, birki da taya ba sa jira. Mu kuma riƙa lissafi irin na malamai: faifan da aka saya da rahusa aka sake canjawa bayan shekara, an biya kuɗin kaya sau biyu, kuɗin aiki sau biyu, ga fad da ya lalata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun waɗanda muke koyarwa, su ne kuma muke ɗauka a kujerar baya, su ne ke tsallaka titi a ƙofar makarantunmu. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da na KASTLEA suna iya tsayar da mu su duba takardu da fitilu, amma kaurin faifanmu mu kaɗai ne za mu iya sani. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma addinanmu duka biyu sun koya mana cewa rai amana ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muna gabatar wa wannan zama shawarwari uku. Na ɗaya, reshe ya sayi ma'aunin kauri guda biyu a ajiye a ofis, duk mai zuwa kasuwa ya sa hannu ya ara, malaman fasaha kuma su ware rabin awa a taro mai zuwa su nuna mana yadda ake karanta shi. Na biyu, asusun taimakon juna ya duba yiwuwar ba da ƙaramin rance na gaggawa domin birki da taya kaɗai, a biya cikin watanni uku, don kada rashin kuɗin mako guda ya tura wani sayen faifai ɗaya maimakon biyu. Na uku, masu mota iri ɗaya su riƙa haɗa kai su saya tare daga shagon da aka jarraba aka ga amanarsa, domin mai sayen takwas ya fi mai sayen biyu bakin magana a wurin ciniki.

Abu na ƙarshe da muke roƙo ƙarami ne. Kafin hutun nan ya ƙare, kowane mai mota a cikinmu ya sa a cire tayar gaba, ya nemi lambar da ke jikin faifan, ya sa a auna, ya rubuta lambobin biyu da ranar awon a bayan littafin da yake ajiye takardun mota. Wanda ba shi da mota ya isar da saƙon ga mijinta ko matarsa ko direban da ke kai 'ya'yansa makaranta. Mu da ba mu yarda mu ba ɗalibi maki ba tare da mun duba takardarsa ba, bai dace mu ba ƙarfe amanar iyalanmu ba tare da mun auna shi ba.

 Allah ya kiyaye hanyoyinmu, ya tsare mu da iyalanmu da ɗalibanmu, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.